Me ya sa makaɗan jaz ke tsakuro karin wata waƙa a tsakiyar tasu?

Wani matashi mai koyon busa saksofon, wani ƙahon ƙarfe na Turawa, shi ne ya aiko da wannan tambaya a kan jaz, kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka. Ya ce yana sauraron wani tsohon faifan jaz da aka ɗauka a gaban jama'a, mai busa yana tsakiyar ƙirƙirar kiɗansa nan take, kwatsam sai ya ji karin waƙar nan ta murnar zagayowar ranar haihuwa ya gifta, 'yan kallo suka yi dariya, mai busa ya wuce abinsa. Yana so ya sani: sata ce wannan, ko basira ce ta ƙare wa mutumin, ko kuwa gwaninta ce? Kuma shi ma ya dace ya koya?

Ƙanena, abin da ka ji tsohuwar al'ada ce a jaz, tana nan tun a faifan shekarun 1920. Batun sata mu kawar da shi tun yanzu. Ɓarawo ɓoye kaya yake yi, shi kuwa mai tsakure burinsa a gane abin da ya ɗauko da inda ya ɗauko shi. In babu wanda ya gane, rabin aikinsa ya tafi a banza. Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, domin tsakure yana iya zama ƙololuwar gwaninta, yana kuma iya zama mafakar raggo, kuma da kunne ake rarrabe su. Ni ma'aunina guda ne: ka saurari abin da mai busa ya yi daf kafin tsakuren, da abin da ya yi bayansa. In tsakuren ya tsiro ne daga cikin zancensa kuma ya haifar da wani zancen, gwani ne. In ya faɗo daga sama aka yi dariya aka manta, to ya ɓata wa kansa lokaci.

Kafin ka ji daɗin wannan magana sai ka san abin da ya sa waƙa ke iya zama a kan wata. Mai jaz ba ya ƙirƙira a kan iska. A ƙarƙashinsa akwai jerin kod, wato sautuka uku ko huɗu da mai fiyano ko mai jita ke bugawa tare, suna sauyawa bisa wani tsari da ke zagayowa ya dawo farko. Ana auna tsawon wannan tsari da gaɓa, wato ɗan rukunin bugu. Salon kiɗan da ake kira bulus (blues) yawanci gaɓa 12 ne. Mafi yawan waƙoƙin da Amurka ta yi yayi tsakanin 1920 da 1950 gaɓa 32 ne, an raba su kashi huɗu, takwas-takwas, kashi na uku ne kawai ya bambanta. Kuma waɗannan waƙoƙin, ɗaruruwansu, suna bin hanyoyi 'yan kaɗan ne. Wadda aka fi bi ita ce daga kod na biyu zuwa na biyar zuwa na ɗaya, wato daga re zuwa so zuwa do. Saboda haka idan ka ɗauki gaɓa biyu daga wata waƙa ka ɗora a kan wata, sau da yawa sai ka tarar sun zauna daram. Makaɗin da ya haddace waƙa ɗari biyar yana jin wannan dangantaka ko bai nema ba. Yana cikin busa, sautuka uku na farko da suka fito daga ƙahonsa sai su tuna masa da wata waƙa, ya ƙarasa ta. Yawancin tsakure mai kyau haka yake zuwa.

Akwai abubuwa biyu da ake yawan rikita su da wannan. Na farko shi ne ɗaukar jerin kod na wata waƙa kacokan a gina sabon kari a kai. Mai busa saksofon Charlie Parker da abokansa sun yi haka sosai a shekarun 1940: "Ko-Ko" a kan kod ɗin "Cherokee" ta Ray Noble aka gina ta, "Ornithology" kuma a kan "How High the Moon". Kod ɗin "I Got Rhythm" ta George Gershwin, wadda ta fito a 1930, ya ɗauki sababbin waƙoƙi ba adadi. Dalili ɗaya shi ne dokar haƙƙin mallaka tana kare kari da kalmomi, ba ta kare jerin kod ba, don haka ƙananan kamfanonin faifai suna samun sauƙin kuɗi. Na biyu shi ne yanko sautin faifan wani da na'ura a liƙa a sabuwar waƙa, kamar yadda masu hip-hop ke yi. Tsakure ya bambanta da duka biyun: ɗan guntun kari ne, gaɓa biyu zuwa huɗu, da mutum ya busa da bakinsa, da muryar ƙahonsa, a cikin gudu, ba tare da an tsaya an jira shi ba.

Louis Armstrong, mai busa ƙahon turampet, yana cikin waɗanda suka fara yin suna da tsakure. Ya taso a New Orleans, garin da opera, wato wasan kwaikwayon Turawa da ake yi da waƙa, ta yi ƙarfi, kuma tun yana saurayi yake sauraron faifan mawaƙin opera Enrico Caruso. A busarsa ana jin guntayen operar Rigoletto ta Verdi suna giftawa. Ka lura da abin da wannan ke nufi a Amurka ta wancan zamani: baƙar fata, ɗan unguwar talakawa, yana ɗauko kiɗan da ake ɗauka na manyan Turawa ne, yana sarrafa shi yadda ya ga dama, yana nuna cewa shi ma nasa ne.

Amma wanda nake so ka zauna da shi tukuna shi ne Parker. A ranar 26 ga Nuwamba, 1945, ya ɗauki "Ko-Ko" a New York wa kamfanin Savoy, tare da Dizzy Gillespie da Max Roach. Gudun waƙar ya kai kusan bugu 300 a minti ɗaya, kuma kowane zagaye gaɓa 64 ne. Wannan faifan shi ne mutane da yawa ke ɗauka a matsayin sanarwar sabon salon bibop, salon da tsofaffin makaɗa suka ce ba su gane kansa ba. To a farkon zagaye na biyu na busarsa me Parker ya yi? Ya tsakuro busar kilarinet, wani abin busa mai kama da algaita, ta cikin waƙar "High Society", wadda aka sani da sunan Alphonse Picou na New Orleans. Wannan busa ita ce jarrabawar da duk mai kilarinet a garin sai ya ci kafin a ɗauke shi da daraja. Wato a tsakiyar kiɗan da aka ce ya yi watsi da na iyaye, sai ga jarrabawar iyayen ta fito, an ci ta cikin gudun da ba su taɓa mafarki ba. Kuma in ba ka san "High Society" ba, ba abin da ka rasa na daɗin busar, domin layin ya zauna a kan kod, ya ci gaba ya narke cikin maganar Parker ba tare da ka ga ɗinki ba. Wannan shi ne abin da nake nufi da tsakuren da ya tsiro daga ciki.

Ya sake yin irin haka a Disamba 1949 a zauren Carnegie na New York, inda ya saka mabuɗin "West End Blues" na Armstrong, wanda aka ɗauka a 1928, a cikin wani bulus nasa. A lokacin gardama ta yi zafi tsakanin masoya tsohon salo da masoya bibop, Armstrong kansa yana sukar sabon salon a bainar jama'a. Parker bai amsa da baki ba. Ya busa layin dattijon. A kunnena wannan gaisuwa ce ta ɗa ga uba, ko da uban yana fushi.

Akwai kuma labarin da marubuci Alfred Appel ya bayar, wanda ya ce yana wurin: a 1951 Igor Stravinsky, shahararren mai tsara kiɗa ɗan asalin Rasha, ya shiga kulob ɗin Birdland na New York, Parker yana kan dandali. Bai kalli inda baƙon yake ba, amma da ya shiga zagaye na biyu na "Ko-Ko" sai ya saka mabuɗin Firebird ta Stravinsky ɗin. Appel ya ce mutumin don murna har ya buga kofinsa a kan tebur. Abin da nake so ka ɗauka daga labarin shi ne tsakure magana ce da ake yi da wani, a wani wuri, a wani lokaci. Da babu Stravinsky a ɗakin, da ma'anar ta ragu ƙwarai.

A nan ne mu Hausawa muke da kunnen da ya dace da wannan harka. Idan makaɗin kalangu ya hango wani ya shigo fili ya kaɗa takensa, babu wanda ya furta kalma, amma duk wanda ya san taken ya ji kalmomin a cikin kansa, mai taken kuma tsigar jikinsa ta tashi. Baƙon da bai sani ba kiɗa kawai ya ji. Tsakure a jaz haka yake aiki: kari yana ɗauke da kalmominsa da sunansa ko da ba a rera su ba.

Manyan masu wannan fanni sun san haka sarai. Mai busa saksofon Lester Young ya sha nanata cewa mai busa ya kamata ya san kalmomin waƙar da yake busawa. Dexter Gordon, wanda ya bi sawunsa, har yakan tsaya gaban makirufo ya karanto baitin waƙa a hankali kafin ya sa ƙaho a baki. Gordon, wanda aka haifa a Los Angeles a 1923 ya rasu a 1990, yana cikin waɗanda aka fi sani da tsakure a tarihin jaz, kuma ba zan yi mamaki ba in shi ka ji, domin waƙar ranar haihuwar tana cikin waɗanda yakan ɗauko. Nemi faifansa Go! na 1962 daga kamfanin Blue Note. Akwai waƙa a ciki mai suna "Three O'Clock in the Morning", wato ƙarfe uku na dare, kuma an buɗe ta da karin ƙararrawar agogon Westminster ta Landan. Waƙa a kan lokaci, an buɗe ta da muryar agogo. Abin da ya sa tsakuren Gordon ke ratsa jiki shi ne ba ya gaggawa. Yana busa kaɗan a bayan bugun ganga, da murya mai kauri, yana ba kowane sauti haƙƙinsa, har ka ji karin aro ya zama nasa kamar shi ya ƙage shi.

Mawaƙiya Ella Fitzgerald ta kai abin wani matsayi a Berlin a watan Fabrairu 1960. A "How High the Moon" ta bar kalmomi ta koma rera sautuka tsagwaro kamar ƙaho, tana jero tsakure ɗaya bayan ɗaya na tsawon mintoci. Ta rera "Ornithology" ta Parker, wadda dama a kan wannan kod ɗin aka gina ta. Ta taɓo "A-Tisket, A-Tasket", waƙar da ta fito da ita duniya a 1938. Kusa da ƙarshe ta ɗauko wata sananniyar waƙa da ke maganar hayaƙi na shiga ido, ta mayar da hayaƙin gumi, domin a lokacin ta jiƙe sharkaf. Bisa ƙa'ida wannan ya yi yawa, kuma ba zan ba ɗalibi shawarar ya gwada ba. Amma ita ba ta taɓa sakin bugun ba ko sau ɗaya, kuma kowane guntu yana faɗowa daidai kan kod ɗinsa. Paul Desmond na ƙungiyar Dave Brubeck kuwa nasa salon na raɗa ne: yakan jero guntayen waƙoƙi ta yadda sunayensu za su ba abokan kiɗansa wani labari, 'yan kallo ba su ma san an yi ba.

Yanzu ga ɗaya gefen, kuma masu sukar suna da gaskiyarsu. Tsakure ita ce hanya mafi arha ta samun tafi. Mutum ya rasa abin faɗa, sai ya jefa waƙar da kowa ya sani, jama'a su yi shewa don sun gane, ba don ya faɗi wani abu ba. Mafi muni shi ne wanda ya mayar da shi ɗabi'ar yatsu: wuri ɗaya, tsakure ɗaya, kowane dare. Abokan kiɗansa sun san zuwansa tun daga nesa, kuma abin yana kashe musu jiki. Akwai kuma ɓarnar yanayi. Ana cikin waƙa mai sanyi, an kwashe minti uku ana gina wani abu a zukatan mutane, sai mai busa ya saka karin wasan yara don a yi dariya. Ginin ya rushe, kuma ba ya sake tashi a wannan daren. Wannan yana ɓata mini rai ƙwarai, domin raini ne ga waƙar da kuma ga wanda ya zo da zuciyarsa don ya saurara. Ka kuma sani cewa ana iya kaiwa ƙoli ba tare da shi ba. John Coltrane na shekarun 1960 bai dogara da shi ba. Gunther Schuller ya yi wani sanannen sharhi a 1958 a kan busar Sonny Rollins a "Blue 7", inda ya yaba yadda Rollins ya ɗauki ɗan ƙaramin jigo daga waƙar kanta ya yi ta juya shi har ƙarshe. Abin sha'awa shi ne Rollins ɗin nan yana cikin manyan masu tsakure, kuma dabarar ɗaya ce: duk abin da ya ɗauko, nasa ko na aro, sai ya yi aiki a kansa.

To ka koya? E, amma ba ta hanyar tara jerin tsakure a takarda kana jiran inda za ka cusa su ba. Fara da haddace waƙoƙi da kunne, da kalmominsu, har ka iya rera su ba ƙaho. Sannan ga kowane kari ka gano a wane sauti ya fara. Waƙar ranar haihuwar da ka ji ta fara ne a so: so, so, la, so, do, ti. Ƙararrawar Westminster sautuka huɗu ne kacal, mi, re, do da so na ƙasa, ana sauya musu jeri. Da zarar ka san haka, duk lokacin da busarka ta sauka a kan so ko mi, kunnenka zai nuna maka ƙofofin da ke buɗe. Ka kuma busa kowane kari a dukkan matakan murya 12, domin wanda ya iya shi a mataki ɗaya kawai zai riƙa tilasta wa waƙa ta zo inda yake.

Sai batun bugu, wanda ɗalibai suka fi tuntuɓe a kai. Waƙar ranar haihuwa bugu uku-uku take tafiya, jaz kuwa galibi huɗu-huɗu. Dole ka miƙe wasu sautuka ka matse wasu kafin ta shiga, kuma a wannan miƙewa da matsewar ne halinka ke fitowa. Wasu karin kuma sun fi wasu sauƙin zama. Habanera ta cikin opera Carmen, wadda Parker ke yawan ɗaukowa, tana gangarowa ne rabin mataki rabin mataki, irin wannan layin kuwa yana ratsa kod iri-iri ba tare da ya yi karo ba.

Kada ka ƙarasa karin. Sautuka biyar ko shida sun isa a gane. Da ka ga an gane, ka karkata: maimaita guntun a mataki na sama, juya shi, ko ka riƙe bugunsa ka sauya sautukansa, har ya zama tsanin da za ka taka zuwa gaba. Kada ka fara shi kullum a bugun farko na gaɓa, gwada shigo da shi a makare. Kuma ka bar fili bayansa, domin mai fiyano ko mai ganga mai kunne yakan so ya amsa maka, wani lokaci ma ya ƙarasa abin da ka bari. Ka riƙa ɗaukar sautin kanka a waya kana saurare bayan kwana biyu. In ka ji tsakure iri ɗaya ya dawo a wuri ɗaya, ka ajiye shi na wani lokaci.

Abu na gaba ya shafe ka kai tsaye. Gordon da Ella suna tsakuro abin da masu sauraronsu suka tashi da shi: waƙoƙin rediyo, na silima, na yara, na biki. In kana busa a Kano ko Jos ko Yamai ka ɗauko waƙar Amurka ta 1935, ƙila kai kaɗai ka san ka yi wani abu. Bin sawunsu na gaskiya shi ne ka ɗauko abin da mutanen gabanka suka sani: waƙar gaɗa, waƙar reno, karin da 'yan mata ke rerawa a kai amarya. Da yawa daga cikin karin namu a kan sautuka biyar suke tafiya, don haka suna zama lafiya a kan bulus, ko a kan waƙar da ta daɗe a kod ɗaya ba ta motsa ba. A kan kod masu saurin sauyawa irin na "Cherokee" kuwa sai ka yi dabara, ka ɗauki guntu ƙarami ƙwarai.

Sai dai akwai wahalar da mai busa na Amurka bai cika fuskanta ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma karin waƙarmu yana bin hawa da saukar kalmomi. In ka lanƙwasa layin don ya dace da kod, ka ɗaga inda kalmar ke sauka, mai sauraro ba zai ƙara jin kalmar a kansa ba, ko ma ya ji wata dabam. Don haka ka kiyaye siffar hawa da saukar, ka yi wasanka da bugu da tsawon sauti. Ka kuma san abin da ba a taɓawa. Karin ƙasidar yabon Annabi, ko na waƙar ibada a coci, ba abin jefawa ba ne a wurin shaƙatawa don a yi tafi, kuma taken wani mutum ko na wata sarauta yana da masu shi. In kana shakkar ko wani kari ya halatta ka ɗauko, tambayi dattijon makaɗi na garin kafin ka hau dandali.